Kwalbar 'Ya'yan Kifin da Muka Kai wa Malam Rogo

Mun tashi da asubar ranar Asabar, liman na sallamewa muna laluben takalma. Mu uku ne, duk 'yan aji ɗaya tun zamanin da kanmu ke da gashi: mai motar, da wani abokinmu ma'aikacin jinya da ya yi ritaya bara, sai ni da kuka sani, wanda aikinsa a kowace tafiya shi ne cika kujerar gaba da hana direba gyangyaɗi. Rogo muka nufa, mu ɗauko malaminmu na kimiyya mu kawo shi Kano a yi masa aikin ido. Shekara biyu ke nan yanar ido ta rufe masa idanu duka biyun. Likita ya riga ya duba shi, ya ce aiki ne mai sauƙi, ya ba mu safiyar Litinin. Wannan ne karo na uku da aka ba mu rana. Biyun farko ni na ɗage su, ɗaya saboda bikin 'yar maƙwabcina, ɗaya saboda wani abu da yanzu ko tuna shi ba na iya yi.

Jama'a, masu jiran dariya ku yi haƙuri. Ta hanya ce kawai zan iya ba ku, ita ma ba yawa.

A Kabuga muka sha mai. Mai motar ya tsaya yana kallon lambobin famfo suna gudu kamar an biyo su, ya ce shi dai a rayuwarsa bai taɓa ganin abin da ke sauri a ƙasar nan kamar wannan ba. Daga nan zuwa Rimin Gado hanya ba laifi. Damina ta ɗauke, dawa ta yi kai, gero an yanke an jingine, ko'ina ka duba mutane ne a duƙe suna cirar gyaɗa. A Gwarzo muka karya da koko da ƙosai. Ƙosan yanzu, wallahi sai ka rufe guda uku da babban yatsa. Na tambayi mai tuyar ko na jarirai ne ta ba mu, ta ce, “Alhaji, je ka tambayo kuɗin wake ka dawo mu yi magana.” Ban je ba.

Takardar da ta naɗe mana ƙosan ce ta ja hankalinmu. Mai ya jiƙa ta, har ana hango yatsa ta bayanta. Ma'aikacin jinyar ya ɗaga ta sama yana kallon rana ta ciki, muka dubi juna, duk abu ɗaya muka tuna.

Bari in gaya muku ko wane ne Malam. Mutum ne da bai taɓa ganin teku ba, ruwa mafi girma da ya sani shi ne na dam ɗin Karaye, amma da ya fara ba mu labarin halittun teku sai ka ɗage ƙafa kada ta jiƙe. Wata rana ya shigo aji da takardar ƙosai irin wannan da kuma busasshiya. Ya ce a tsakiyar teku babu dutse, babu ciyawa, babu rami, babu inda ƙaramar halitta za ta ɓuya. Sai Allah ya ba wasunsu wata dabara: jikinsu garai-garai yake, haske na shiga ta nan ya fita ta can, mai farauta ya zo ya wuce bai ga komai ba. Akwai mai kama da lema, akwai mai kama da ganye, akwai ƙananan jatan lande da sai inuwarsu kake gani.

Muka ce ta yaya nama zai zama kamar gilashi? Ya ce abu biyu ne ke sa a ga abu: ko ya shanye haske, shi ne launi, ko ya warwatsa shi, shi ne fari. Busasshiyar takarda fara ce saboda tsakanin zarurrukanta iska ce, haske na shiga yana karo nan da can yana watsewa. Da mai ya cike gurbin iskar, sai hanya ta miƙe, haske ya wuce abinsa. Haka jikin waɗannan halittu yake. Yawancinsa ruwa ne, ba launi, wasu ko jan jini ba su da shi, sirara ne, ɗan naman da ke ciki kuma a jere yake tsaf, har haske bai cika bambanta shi da ruwan da ke kewaye ba. Ya juya zai zana mana a allo, ya tsaya da alli a hannu ya daɗe, sannan ya ce, “To ni yanzu yaya zan zana abin da ba a gani da farin alli?” Ajin ya fashe da dariya. Ni ne na fi kowa, har ya laƙaba mini sunan da yake kirana da shi har yau, Sarkin Surutu.

Shi ya sa kafin tafiyar na sa 'yata ta sauke mini bidiyon waɗannan halittu a waya. Niyyata ranar da aka cire masa bandeji, su ne abu na farko da zai gani. Da muka juya kudu muka kama hanyar Karaye kuma, sai wata dabarar ta zo mini: me zai hana mu kai masa na gaske?

Hanyar Karaye, Allah ya saka wa tayoyinmu da alheri. Akwai ramin da muka shiga, sai da muka yi sallama da mutanen ciki kafin mu fito. Motocin rake sun cika ta, 'yan acaɓa na ratsawa da buhu uku da fasinja a sama yana riƙe da akuya. Amma ƙasar tana da kyau. Kore shar, Fulani na kora shanu gefen gonaki, mata ɗauke da ƙoren nono suna tafe ba sa ko duban rami.

Mun isa bakin dam da hantsi. Masunta sun dawo daga kamun safe, kwalekwale a jere, mata na ta soya tarwaɗa da karfasa a manyan kasake. Muka ci har na kwance maɓallin wuya. Sannan na sami wani dattijon masunci yana gyaran koma, muka gaisa, na ce ina neman kifin da ba a gani. Ya dube ni sama da ƙasa, ya ce wanda ake gani ma da ƙyar ake samu bana. Da na yi masa bayani sai ya yi dariya, ya ɗauki ƙwarya ya shiga gefen ciyawa inda ruwa bai kai gwiwa ba, ya ɗebo.

Na leƙa, na ce ruwa ne kawai. Ya ce in ƙara dubawa. Sai na ga ɗigo-ɗigo baƙaƙe, biyu-biyu, suna yawo tare. Idanu ne. A bayan kowane biyu akwai jiki siriri kamar zaren gilashi, kana hango ƙasan ƙwaryar ta cikinsa, har da wani ɗan layi mai duhu a tsakiya.

“Alhaji, waɗannan ai ba kifi ba ne tukuna,” in ji dattijon. “Ruwa ne da idanu. Me za ka yi da su, miya?”

Na ce malamina zan kai wa. Ya ce to in yi sauri, ba sa son zafi. Muka juye su a kwalbar ruwan roba, na rungume ta kamar jariri, ina ta ba abokaina labarin yadda Malam zai yi tsalle ranar Talata har ya fasa silin ɗin asibiti.

Daga Karaye zuwa Rogo ba nisa a taswira, amma taswira ba ta shiga mota. Wata babbar mota ta kafe a wani kwari ta tare hanya, muka yi fiye da awa guda a rana. Na sayi dafaffiyar gyaɗa, na ba masu turin mota shawarwarin da ba wanda ya nema. Kwalbar na ajiye ta a gaban gilashi don in sami hannun ɓare gyaɗa, na manta da ita.

Mun shiga Rogo rana ta take. Gari na ta hada-hadar kaka, buhunan masara da gyaɗa a ƙofar kusan kowane gida, injin casa na ta ƙara. Gidan Malam na bayan makarantar firamare. Da ma idan muka zo, tun daga zaure muke jin muryarsa yana faɗa da rediyo. Ranar shiru. Muka yi sallama sau uku kafin matarsa, wadda duk muke kira Iya, ta amsa. Ta fito ta durƙusa nesa, muka gaisa, gajiya, iyali, aiki, amma idonta na ƙasa, kuma ba ta yi mini tsiyar tumbi ba kamar yadda ta saba.

Malam na kwance a ɗaki an rufe taga. An ɗaure masa idanu da wani tsumma, ɗakin na warin wani jiƙo. Ya ji muryata ya ce, “Sarkin Surutu, ka iso? To zauna, yau kai za ka yi saurare.”

Ma'aikacin jinyar bai zauna ba. Ya wanke hannu, ya kwance tsumman a hankali, ya haska fitilar waya. Na ga bayansa ya sandare. Idon dama ya kumbura ya yi jawur, ruwa mai kauri na fita. Na hagu bai kai haka ba, amma farin da muka saba gani a tsakiyarsa babu shi, sai wani baƙi mai zurfi. Ya juyo ya ce da mu a hankali, “An ture.”

Ga wanda bai sani ba: akwai masu yawo ƙauye-ƙauye ranar kasuwa, suna cewa suna cire yana ba tare da asibiti ba. Ba cirewa suke yi ba. Allura suke sokawa a gefen ido su ture abin da ya yi farin ya faɗa can ciki. Nan take haske ya shigo, mutum ya ga hannunsa dishi-dishi, dangi su yi kabbara, mai allura ya naɗe jakarsa ya yi gaba. Abin da zai biyo baya ba ya nan za a yi shi. Kwana tara ke nan da aka yi wa Malam, ido biyu a zama ɗaya, a zauren gidansa. Wani mutumin wajen Kurugu da aka yi wa ne ya kawo mai allurar, yana rantsuwa shi ya ga alheri.

Na ce, “Allah ya gafarta Malam, kai? Kai da ka koya mana ido da zane? Ga rana an ba mu, jibi-jibin nan!”

Iya ce ta amsa daga bakin ƙofa.

“Alhaji, ai kai ka faɗa. Da kunnena na ji. Ka ce ciro idon za su yi su sa a faranti.”

Jama'a, na faɗa. Mako biyu kafin nan na kira Malam in gaya masa ranar. Tunda ba ya gani, Iya ce ke riƙe masa wayar ta buɗe murya. Na ce, “Malam kada ka damu, ciro idon kawai za su yi su ɗora a faranti, su wanke da sabulu, su shanya, in ya bushe su mayar. Sai dai ka yi addu'a kada su musanya maka da na akuya.” Malam ya yi dariya har da tari. Ni ma na yi, na kashe waya na ci tuwona. Ban san akwai wadda ba ta yi dariya ba. Da ma maganar ciro ido tana yawo a ƙauyuka, kowa ya ji ta a bakin wani. Yanzu ga ta daga bakin ɗan boko, mutumin birni, wanda shi ne zai kai shi.

Malam ya ce, “Na gaya mata wasa kake yi. Na yi mata zane a ƙasa, zanen da ni kaina ba na gani. Kwana uku ba ta ci abinci ba. Matar nan shekara biyu ita ke ja mini sanda har banɗaki, ban iya ce mata a'a ba.” Sannan ya ƙara da cewa, “Kuma sau biyu kuna ɗagewa. Na ce wa raina wataƙila na ukun ma haka ne. Na san abin da allurar nan ke yi. Amma duhu yana gajiyar da mutum, har ilminsa ya gaji.”

Ya ce kwana biyu ya ga haske. Ya ga Iya kamar ta bayan labule, ya gane ta rame. A na uku ciwo ya fara. Lambar mai allurar kuwa tun ranar ba ta shiga.

Ban san abin da zan yi da hannuwana ba, sai na miƙa masa kwalbar da mai motar ya shigo da ita. Na ce tsaraba ce daga Karaye, 'ya'yan kifi ne masu jiki kamar gilashi, irin na darasin nan. Fuskarsa ta ɗan saki. Ya riƙe ta da hannu biyu, ya ce in faɗa masa abin da nake gani.

Na duba. Duk sun taso sama, sun yi fari fat kamar ɓarzajjiyar shinkafa. Bakina ya buɗe zai ce ga su nan suna ta iyo, don abin da ya saba ke nan. Malam ya riga ni.

“Kwalbar da zafi. Sun yi fari, ko?”

Na ce sun yi.

Sai ya gyara kwanciya, muryar aji ta dawo masa. Ya ce zama garai-garai ba kyauta ba ce da ake bayarwa sau ɗaya, aiki ne da jiki ke yi kullum. Muddin halittar na da rai, tana riƙe ruwan jikinta daidai, komai a jere. Da zafi ya buge ta ko rai ya fita, jerin ya rushe, naman ya dunƙule, haske ya fara karo, sai fari. Kamar farin ƙwai ne, ɗanye kana gani ta cikinsa, ya hau wuta ya rufe. Ya ce ko da ransu, abu biyu ne ba sa iya ɓoyewa: abincin da ke cikinsu, da idanunsu, domin dole ido ya kama haske kafin ya gani, abin da ya kama haske kuwa dole a gan shi.

Ya ɗaga yatsa wajen fuskarsa. Ya ce mu ma Allah ya ba mu ɗan irin wannan naman, ƙwaya ɗaya a kowane ido, ba jini a cikinta, a jere tsaf. Tsufa ne ya dafa tasa. “Likita cire ta zai yi ya sa ta roba a gurbinta. Wannan kuwa ya tura ta cikin rijiya ya bar mini ita a can. Ka rubuta, Sarkin Surutu, zai fito a jarrabawa.”

Ba wanda ya yi dariya. Iya ta ja mayafi ta rufe fuska.

Ba mu jira Litinin ba. Ma'aikacin jinyar ya kira likitan, ya ce mu taho yanzu. Muka yi azahar, muka kwantar da Malam a baya, kansa a cinyar Iya, ma'aikacin jinyar ya matse a gefe. Duk ramin da muka yi wa dariya da safe, yanzu nishin Malam muke ji a cikinsa. Mai motar na tafiya kamar yana ɗauke da ƙwai, yana ba da haƙuri a kowane gargada. Mun wuce Karaye ba wanda ya dubi wajen kifi. Daga Rogo har Kabuga ban ce uffan ba, abin da abokaina suka ce ba su taɓa gani ba tun muna aji ɗaya.

Bayan la'asar muka isa. Likitan ya daɗe a kansa da na'ura. Da ya fito bai yi kwana-kwana ba. Idon dama ya tafi, ƙwayar cuta ta cinye shi, yanzu ƙoƙarinsu su kashe ciwon kada ya wuce nan. Na hagu za su gwada, wataƙila ya riƙa bambanta dare da rana, wataƙila ya ga giccin mutum da tabarau mai kauri, amma kada mu sa rai da karatu. Ya ce da a yadda ya gan shi da farko muka kawo shi, da yanzu maganar wane tabarau zai zaɓa ake yi.

Iya ta matso, ta durƙusa, ta ce, “Likita, don Allah in tambaya. Da gaske ba a ciro idon?”

Ya ce, “Haba Baba, ba a taɓa yi ba. Wa ya gaya miki?”

Ina tsaye kusa da ita, tazararmu ba ta kai taku biyu ba. Ba ta dube ni ba. Ta ce, “Wani ne.”

Na iso gida ana kiran magariba. Maiɗakina ta tare ni da tambayar tsaraba, ta ga fuskata, ta koma ta kawo ruwa kawai.

Abin da tafiyar nan ta koya mini ba mai daɗi ba ne, kuma ban da tabbacin zai amfani wanda ya kamata. Idan kuna da tsoho mai yana, ranar da likita ya bayar ita ce rana, ba biki ba suna. Idan kuka ji mai allura ya sauka a garinku, ku zauna a ƙofar ɗakin tsohonku har ya bar garin. Na faɗa, amma na san gobe kasuwa ce a wani ƙauyen, kuma mutumin yana can da jakarsa, asibiti kuwa yana bayan ramuka ɗari.

Ɗayan darasin nawa ne ni kaɗai. Shekara hamsin da wani abu ina ƙara wa magana gishiri, ina ganin ba wanda na taɓa cuta, tunda kowa na dariya. Ashe ni masu dariyar kawai nake ƙirgawa. Ban taɓa waiwayawa na ga wanda ke gefe yana riƙe da wayar, cikinsa cike da tsoro, yana ɗaukar kowace kalma da gaske ba.

Malam yana gado na biyu daga ƙofa. Kullum da safe ina kai musu koko. Jiya ya ce in ba shi labari, ɗakin ya yi masa shiru. Na zauna na ba shi labarin hanyar Karaye yadda take, rami a matsayin rami. Ya saurara har ƙarshe, ya ce, “Wannan ba kai ba ne. Aiko mini da Sarkin Surutu.”

Na ce masa Sarkin Surutu ba ya jin daɗi.